Masanin kimiyya a hukumar sa ido ta gwamnati: ta wace ƙofa ake shiga?

Rukayya ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina gab da kammala digiri na biyu a ilimin sinadarai, a ɓangaren tantance abin da ke cikin samfuri da auna yawansa, kuma kusan shekara biyu ke nan ba na rabuwa da HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfuri ta auna kowanne. Malamaina suna ƙarfafa mini gwiwa in wuce digiri na uku in rungumi koyarwa, abokan karatuna kuwa yawancinsu hankalinsu ya karkata ga kamfanonin magunguna. Ni abin da ya daɗe yana raina shi ne aiki a ɗaya daga cikin hukumomin gwamnati da ke sa ido kan ingancin magunguna, ko abinci, ko ruwan sha, ko muhalli, domin ina ganin a can ne ilimin da na karanta zai taɓa rayuwar mutane kai tsaye.

Damuwata ita ce ban san ko mutum ɗaya da ke irin wannan aiki ba, balle in tambaye shi yadda yininsa yake wucewa. Idan na karanta sanarwar gurbin aiki sai in ga sunaye irin su jami'in kimiyya, ko mai tantancewa, ko sufeto, ba tare da na fahimci bambancin da ke tsakaninsu ba. Sau biyu na tura takarduna, sau biyun ko amsar an karɓa ban samu ba, har na fara tunanin ko dai akwai abin da suke nema wanda ba a koya mana a jami'a.

Saboda haka nake roƙon waɗanda suka san harkar daga ciki su haska mini: wane irin aiki masanin kimiyya yake yi a waɗannan hukumomi, me masu ɗaukar ma'aikata suke dubawa, kuma me ya kamata in fara yi tun yanzu kafin in kammala karatu? Na gode.

Malam Bashir ya rubuta:

Wa'alaikumus salam, Malama Rukayya. Na shafe shekaru ina aikin tantance takardun neman rajistar magani, don haka ta wannan fuska zan yi magana, sauran fuskokin kuma na bar wa masu su.

Abu na farko da ya kamata ki sani shi ne cewa kaso mai yawa na masana kimiyyar da ke hukumomin sa ido ba sa taɓa kwalbar gwaji. Aikinsu shi ne karanta hujjar da wani ya kawo, su auna ta, su gano inda ta yi rauni, sannan su rubuta hukunci da dalilansa ta yadda zai tsaya ko a gaban lauyan kamfani, ko a gaban kotu, ko a gaban wanda zai gaji kujerarsu bayan shekara goma. A jami'a an koya miki yadda za ki samar da sakamako. A hukuma za a biya ki ne don ki ce ko sakamakon wani ya isa a dogara da shi.

Misalin da ake ba kowane sabon ma'aikaci a wannan fanni shi ne na Dokta Frances Kelsey. Ta kama aiki a FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, a 1960, kuma ɗaya daga cikin ayyukan farko da aka ɗora mata shi ne duba takardun wani maganin sa barci mai suna talidomaid, wanda a lokacin ana sayar da shi a ƙasashe da yawa, har mata masu ciki suna sha don tashin zuciya. A dokar wancan zamani, idan hukuma ta yi shiru har kwana 60, magani ya samu izini ke nan. Ita kuwa ta karanta takardun ta ga bayanan da aka kawo game da amincin maganin ba su gamsar ba, sai ta riƙa mayar wa kamfanin da amsar cewa takardunsa ba su cika ba, duk kuwa da matsin lambar da ta sha. Kafin ƙarshen 1961 an gane cewa maganin ne ke sa a haifi jarirai da gaɓoɓi marasa cika, fiye da jarirai 10,000 a faɗin duniya, kuma Amurka ta tsira daga mafi yawan wannan bala'i. A 1962 Shugaba Kennedy ya ba ta lambar yabo, majalisa kuma ta gyara doka ta wajabta wa kamfani ya tabbatar da cewa maganinsa yana aiki, ba wai kawai ba ya cutarwa ba. Ki lura, ba wani gwaji ta yi a ɗakin gwaje-gwaje ba. Karatun tsanaki ta yi, ta san tambayar da ya dace a yi, kuma ta ƙi janyewa.

Yau takardun da kamfani ke kawowa suna bin wani tsari guda da ake kira CTD, wanda ya fito daga majalisar ICH da aka kafa a 1990 don daidaita ƙa'idojin Turai da Amurka da Japan, kuma hukumomi da yawa a sauran duniya sun ɗauke shi. Kundin yana da sassa biyar. Na farko bayanan gudanarwa ne da suka keɓanta da kowace ƙasa, na biyu taƙaitawa, na uku ingancin maganin da yadda ake haɗa shi, na huɗu gwaje-gwajen da aka yi kafin a kai ga ɗan Adam, na biyar kuma gwajin da aka yi a kan mutane. Mai ilimin sinadarai irinki gidanta sashe na uku ne. A nan za ki duba yadda aka samar da sinadarin da ke aiki, da gurɓatattun abubuwan da ka iya biyo shi, da hanyar da kamfani ya bi wajen auna su, da ko an tabbatar da sahihancin wannan hanya, da kuma gwajin da ke nuna tsawon lokacin da maganin zai yi bai lalace ba a yanayin zafi da laima na ƙasar da za a sayar da shi. Duk wanda ya taɓa fama da HPLC ya san yadda ake iya ɓoye matsala a ƙarƙashin wani tudu a jadawalin sakamakon da na'urar ke zanawa, kuma wannan sanin shi ne jarinki.

Shawarata ta aiki ita ce ki fara karanta abin da hukumomi suka riga suka wallafa kyauta. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai, EMA, tana fitar da rahoton tantancewa na kowane maganin da ta amince da shi, ana kiransa EPAR, FDA ma tana wallafa bitar da ma'aikatanta suka rubuta. Ki zaɓi magani ɗaya, ki karanta ɓangaren inganci daga farko har ƙarshe, ki ga irin tambayoyin da aka yi wa kamfani da yadda aka warware su. Bayan haka ki karanta jagororin ICH na rukunin Q, musamman Q1 kan daɗewar magani, Q2 kan tabbatar da hanyar gwaji, da Q3 kan gurɓatattun abubuwa. A ganawar ɗaukar aiki da na zauna a cikin kwamitinta, wanda ya karanta waɗannan ana gane shi tun daga amsar farko, kuma irinsu ba su da yawa.

Sai kuma rubutu. Zan faɗi gaskiya, na ga masu takardun shaida na burgewa da suka kasa wannan aiki saboda ba za su iya rubuta sakin layi ɗaya da ke cewa ga matsalar, ga hujjar, ga abin da ake buƙata daga kamfani ba. Ki horar da kanki a kan haka: ki ɗauki wata maƙalar bincike, ki rubuta shafi ɗaya tak kan ko hujjarta ta isa a yanke hukunci, ki ba wanda ba fanninsa ba ne ya karanta ki ga ko ya fahimta.

Dokta Maryam ta rubuta:

Malam Bashir ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka da alheri, sai dai ina tsoron kada ƙanwarmu ta ɗauka cewa ɗakin gwaje-gwaje abin da ake bari ne a baya. Ni ta can na shiga, na yi shekaru a kan bencin gwaji kafin in koma aikin duba masana'antu, kuma a ganina ga mai digiri na biyu da hannu a na'ura, wannan ƙofar ta fi saurin buɗewa.

Dalili kuwa shi ne takarda tana iya zuwa a tsaftace alhali abin da ke cikin kwalba daban ne. A 1937 wani maganin ruwa da aka narkar da sinadarin dayetilin gilaikol ya kashe fiye da mutum 100 a Amurka, abin da ya haifar da dokar 1938 da ta wajabta a tabbatar da amincin magani kafin a sayar da shi. Shekara 85 bayan haka, a Oktoban 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan wasu magungunan tari da mura guda huɗu da aka samu a Gambiya ɗauke da wannan guba ɗin dai, bayan yara da dama sun rasu da ciwon ƙoda, kuma a daidai wannan lokaci irin haka ta faru a Indunusiya da Uzbekistan, inda jimillar mace-macen ƙasashen uku ta haura 300. Gubar takan shigo ne ta cikin gilisarin ko wani ruwan narkarwa da aka gurɓata, ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin ta, ɗanɗanonta ma zaƙi-zaƙi ne. Wanda zai kama ta shi ne mai na'urar da ya iya aikinsa.

Amma ki sani, ƙanwata, ɗakin gwaje-gwajen hukuma ba irin na jami'a ba ne, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. A jami'a idan sakamako bai yi miki daɗi ba kina iya sake gwajin ki ci gaba. A hukuma sakamakonki yana iya zama dalilin janye kaya daga kasuwa ko hujja a gaban alƙali, saboda haka dole a san wanda ya ɗauko samfurin, da wanda ya karɓa, da inda aka ajiye shi, da ranar da aka daidaita sikelin da aka auna shi, da asalin ma'aunin da aka kwatanta shi da shi. Idan sakamako ya fita daga iyaka ba a jefar da shi, bincike ake buɗewa a rubuce. A wurinmu aikin da ba a rubuta ba tamkar ba a yi shi ba ne. Duk wannan yana ƙarƙashin ƙa'idar ISO/IEC 17025, wadda ita ce mizanin ƙwarewar ɗakunan gwaji da daidaita ma'auni a duniya. Idan kina da zaɓi tsakanin wata shida a ɗakin gwajin da ke da wannan shaida da shekara guda a wanda ba shi da ita, ki ɗauki wata shidan, ko da na kamfani ne, ko da horon sanin makamar aiki ne kawai. Haka kuma ki saba da littattafan ma'aunin magunguna, na Amurka da na Birtaniya da na Hukumar Lafiya ta Duniya, domin hanyoyin da ke ciki su ne abin da za ki riƙa bi.

Game da aikin sufeto, shi ne wanda nake yi yanzu. Muna shiga masana'anta mu duba ko ana bin ƙa'idojin kyakkyawan sarrafa kaya, waɗanda aka fi sani da GMP. Muna bin kaya daga sito har zuwa kwali, muna duba ruwan da ake amfani da shi da iskar ɗakin haɗawa, muna zama a gaban kwamfutar na'ura mu ga ko an goge wani sakamako ko an sauya kwanan wata. Aiki ne na tafiye-tafiye da tsayuwa, kuma yana buƙatar sanyin hali, domin za ki gaya wa mutumin da ya girme ki, wanda kuma ya fi ki sanin masana'antarsa, cewa abin da yake yi bai dace ba, a cikin gidansa. Na taɓa rubuta wani lura cikin gaggawa ba tare da na haɗa shi da sashen ƙa'idar da aka karya ba, kamfanin ya ƙalubalance shi, aka soke, alhali na san matsalar tana nan. Tun daga ranar ban ƙara rubuta abin da ba zan iya nuna shafi da layinsa ba.

Idan kina son ganin yadda sufeto yake tunani, FDA tana wallafa wasiƙun gargaɗin da take aika wa masana'antu a shafinta na intanet. Ki karanta goma daga cikinsu. Za ki lura cewa kurakurai iri ɗaya ne ke maimaituwa, kuma da yawa daga cikinsu a ɗakin gwajin kamfani suke.

Rukayya ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam Bashir da Dokta Maryam, Allah ya ƙara ilimi. Yanzu na fara gane cewa takardar tarihin karatu da aikina da na tura cike take da sunayen darussa da taken bincikena, amma babu inda na nuna cewa na taɓa tabbatar da sahihancin hanyar gwaji, alhali kuwa babi guda na kundina a kan haka yake.

Ina da ƙarin tambayoyi biyu. Na farko, shin rashin digiri na uku zai tsayar da ni a wani mataki nan gaba? Na biyu, duk misalan da aka kawo na magunguna ne, ga shi kuma ana ta ambaton hukumomin Amurka da Turai. Shin ɗan wata ƙasa yana iya aiki a cikinsu, kuma yaya batun sauran fannoni kamar muhalli?

Injiniya Abdulƙadir ya rubuta:

Malama Rukayya, barka da ƙoƙari. Ni a ɓangaren muhalli nake, zan amsa tambayarki ta biyu, sannan in taɓo abin da nake zaton shi ya sa aka yi miki shiru.

Fagen ya fi magunguna faɗi nesa ba kusa ba. Akwai hukumomin kare muhalli, irin su EPA ta Amurka da aka kafa a 1970, akwai masu kula da amincin abinci irin su EFSA ta Turai da aka kafa a 2002, mai mazauni a birnin Parma na Italiya, akwai masu rajistar sinadarai da magungunan ƙwari, da masu sa ido kan tiririn nukiliya waɗanda ke aiki da ƙa'idojin IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya, da hukumomin ma'auni da ingancin kaya, da na lafiyar ma'aikata a wuraren aiki. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne auna haɗari, kuma matakansa huɗu ne: a gano ko abu yana cutarwa, a gano yawan da ke fara cutarwa, a ƙiyasta yawan da mutane ke haɗuwa da shi a zahiri, sannan a haɗa waɗannan a faɗi girman haɗarin. Daga nan ne lambobin da kike gani a doka suke fitowa. Alal misali, a al'adar masana guba, akan ɗauki mafi yawan adadin da bai cutar da dabbar gwaji ba a raba shi da 100, goma don bambancin dabba da mutum, goma don bambancin mutane a tsakaninsu, kafin a ce ga abin da mutum zai iya ɗauka kullum. Wanda ya fahimci wannan tsari zai iya ƙaura daga hukumar ruwa zuwa ta abinci ba tare da ya fara daga tushe ba. Ki ƙara da ilimin ƙididdiga, domin shi ne gurbin da kullum ake neman mai cike shi.

Batun ƙasashen waje kuwa, gara a faɗa miki tun yanzu: hukumar sa ido hannun gwamnati ce, saboda haka zama ɗan ƙasa sharaɗi ne a mafi yawan wurare. Guraben gwamnatin tarayyar Amurka, waɗanda ake tallatawa a shafin USAJOBS, galibinsu na 'yan ƙasa ne. Hukumomin Tarayyar Turai suna ɗaukar 'yan ƙasashen tarayyar, kuma ko a EMA, wadda ta tashi daga Landan zuwa Amsterdam a 2019, yawancin aikin tantancewar masanan hukumomin ƙasashe mambobi ne ke yin sa, ba ma'aikatan hedikwata ba. Birtaniya ta ɗan sassauta, domin ɗan ƙasar Commonwealth da ke da izinin aiki a can yana iya neman guraben gwamnati da yawa. Darasin da na ɗauka daga wannan shi ne hanyar zuwa matakin duniya ta cikin hukumar ƙasarki take bi. Waɗanda ake gayyata zaman kwamitocin Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, wanda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, ko aikin tantance magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, mutane ne da suka yi suna a hukumominsu na gida. Kuma waɗannan hukumomi suna girma: a ma'auni mai matakai huɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya ke auna ƙwarewar hukumomin magunguna na ƙasashe da shi, Tanzaniya ta kai mataki na uku a 2018, Ghana a 2020, Najeriya da Masar a 2022, sannan yarjejeniyar kafa Hukumar Magunguna ta Afirka ta fara aiki a 2021, da mazauni a Kigali. Kowane mataki da hukuma ta hau yana nufin tana buƙatar ƙwararrun da za su riƙe shi.

Yanzu ga maganar shiru. A aikin gwamnati, wanda ya fara duba takardunki sau da yawa ba masanin kimiyya ba ne, jami'in ma'aikata ne da ke riƙe da jerin sharuɗɗa yana sa alama. Idan sanarwa ta ce ana son wanda ya san tabbatar da hanyar gwaji, ke kuma kika rubuta taken kundinki kawai, ba shi da ikon ya yi miki zato. Ki ɗauki sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ki amsa kowanne da kalmomin sanarwar, ki faɗi abin da kika yi da hannunki, da na'urar, da tsawon lokacin, da abin da ya fito. Ki haɗa duk takardar da aka nema, domin rashin guda ɗaya ya isa a ajiye ki gefe ba tare da an karanta sauran ba. Sannan ki yi haƙuri, watanni sukan shuɗe tsakanin rufe sanarwa da kiran ganawa, kuma wasu hukumomin ba su ke ɗaukar ma'aikata da kansu ba, sai ta hannun hukumar ma'aikatan gwamnati, don haka ki san ƙofar da ake bi a inda kike. Ki kuma tsaya ga shafin hukuma na ainihi. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya sama miki gurbi, ki rabu da shi.

Akwai abin da abokaina biyu ba su faɗa ba, ni kuma ba zan ɓoye ba. Albashi galibi bai kai na kamfani ba. Sunanki ba zai riƙa fitowa a mujallun bincike kamar na takwarorinki na jami'a ba, domin yawancin abin da za ki gani sirrin kasuwancin wasu ne. Za a taƙaita miki abin da za ki iya mallaka da kyautar da za ki iya karɓa. Ma'aikatan FDA an hana su riƙe hannun jari a kamfanonin da hukumar ke sa wa ido sosai, EMA kuma tana wallafa bayanin alaƙar kowane masaninta da kamfanoni. Abu mafi ɗaci shi ne wata rana za ki rubuta shawara mai ƙarfi ta kimiyya, a sama a yanke hukunci daban, saboda doka ko tattalin arziki ko wani dalilin da ba a gaya miki ba. Ya taɓa faruwa da ni a kan wani izinin zubar da ruwan masana'anta, na yi kwanaki ina jin zafin abin. Abin da ya rage mini shi ne rahotona yana cikin fayil da sa hannuna, kuma da aka zo sabunta izinin daga baya, shi aka ɗauko.

Malam Bashir ya rubuta:

Injiniya ya faɗi gaskiya, har da ɓangaren da ba shi da daɗi. Bari in amsa batun digiri na uku, tunda shi ya rage.

Amsar ta danganta da kujerar da kike hange. A tsarin matakan albashin gwamnatin Amurka, alal misali, digiri na biyu yana ba mutum damar shiga a mataki na 9, digiri na uku kuma a mataki na 11, wato yana ɗaga wurin farawa ne, ba shi ne tikitin shiga ba. A ɗakin gwaje-gwaje da aikin sufeto da tantance inganci, na ga masu digiri na biyu, har da na farko, sun kai shugabancin sashe, domin a nan ƙwarewar hannu da shekarun aiki ne ke magana. Inda digiri na uku yake da nauyi na gaske shi ne tantance gwajin guba, da ƙididdigar gwajin da aka yi a kan mutane, da sababbin magungunan da ake samarwa daga halittu, da kuma guraben ƙungiyoyin duniya inda ake gogayya da masu nema daga ko'ina. A nan ne nake ɗan saɓa wa malamanki: idan niyyarki hukuma ce, kada ki shiga digiri na uku don kawai ba ki san abin da za ki yi ba. Ki shiga aiki tukuna, ki yi shekara biyu ko uku, za ki ci karo da tambayar da babu wanda ya amsa ta, kamar yadda za a gano wani gurɓataccen sinadari da kayan aiki masu sauƙi, sai ki mayar da ita taken bincikenki. Hukumomi da dama suna ba ma'aikatansu hutun ƙaro karatu, kuma irin wannan digiri ya fi amfanar mai shi.

Akwai kuma takardun shaida na ƙungiyoyin masu wannan sana'a, kamar RAC, shaidar ƙwarewa a harkar dokokin magunguna da ƙungiyar RAPS ke bayarwa, amma sun fi amfani ga wanda zai yi wa kamfani aikin hulɗa da hukuma, kuma ana buƙatar gogewar aiki kafin a zauna jarrabawarsu, don haka ba su ne abin gaggawa gare ki ba.

Tunda kin ce babi guda na kundinki a kan tabbatar da hanyar gwaji yake, ki buɗe jagorar Q2 a gefe guda, babin naki a ɗaya gefen, ki bi ma'aunan ɗaya bayan ɗaya, daidaito da maimaituwar sakamako da keɓancewa da mafi ƙarancin abin da hanyar ke iya ganowa, ki ga wanne kika cika wanne kika tsallake. Wanda kika tsallake ki koma ɗakin gwaji ki yi shi yanzu da sauran na'urar tana hannunki. Idan kin gama, ki taƙaita shi a shafi ɗaya kamar ke ce mai tantancewa ba mai binciken ba, ki kawo shi nan, ni da Dokta Maryam za mu duba miki.